Mangwaron da Na Zana wa Kawu

Kano, 4 ga Satumba, 2023

Zuwa ga 'yata Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zafin Dubai. Mu nan alhamdulillahi, sai gwiwata ta hagu da ta ɗaura yaƙi da matakalar shago. Likita ya ce in rage tuwo, na ce masa ya nemo wata shawarar. Na ga mahaifiyarki ranar Asabar wajen sunan jikar Hajiya Bilqis, lafiyarta ƙalau. Har yanzu in an ambaci Dubai sai ta harare ni, wai ni na tsaya a gabanta na kafe har ta bar ki kika tafi. Na ce mata ai ban yi nadama ba.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Ni da saƙon murya ba ma shiri, in na fara magana a kasuwa rabin abin da za ki ji cinikin maƙwabcina ne. Shi ya sa nake rubutawa a takarda in ɗauki hoto in turo miki.

To ga abin da ke tafe da ni. Shekara goma sha tara ina shiga garin nan naku, yanzu biza ta gagara, kago ma, wato aiko da kaya, sai ta waya. Na shiga wata sabuwar harka da wasu abokan hulɗa na Ikko da Kwatano: lemon mangwaro a 'yar ƙaramar leda, irin mai murfi da ake murɗewa a zuƙa. Su ke da abin zubawa, ni nawa in kawo ledar a buge. An kawo mini zane uku, duk kamar kwalin maganin tari. Sai na ce wa kaina, Badaru, kana da 'ya a Dubai wadda sana'arta ke nan, kana zaune kana wahala?

Ki zana mini abin da yaro zai hango daga bakin titi ya ja hannun uwarsa. Launi ya fito sosai, a sa fara'a a ciki. Yalla, maza ki nuna mini abin da aka koya miki.

Ki gaida abokiyar zamanki.

Kawunki,
Badaru

Al Qusais, Dubai, 17 ga Satumba, 2023

Kawu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, ya ba gwiwa lafiya. Amma tsakani da Allah likitan nan yana da gaskiya, na san yadda kake yi da tuwon Gwaggo. Ni lafiya lau, sai mura da sanyin ofis ya sa mini. Kamila da muke zama tare tana amsawa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, saboda haka ba ni da ikon yin atishawa biyu a jere sai ta fito da magani.

Ga mangwaronka nan na turo. Mako biyu ina fama da shi bayan an tashi aiki, har Kamila ta tafi shaƙatawa garin Hatta da ƙawayenta ta bar ni da shi. Ka duba shi da kyau, ba banza aka yi komai ba. Na ba shi kumatu da haƙora biyu na gaba irin na mai famfara. Idanunsa kuma ƙasa suke kallo. Dalili shi ne, ana rataye irin wannan leda a saman kanti, yaro yana tsaye a ƙasa, in ya ɗaga kai sai su haɗa ido. Babba ba zai lura ba, amma yaro zai ji kamar shi ake yi wa dariya.

Bari in ba ka dariya. A kamfaninmu akwai ɓangaren da ke yi wa wasu Turawa zanen kwalaben giya. Da na zo aka so a sa ni can, na ce a yi haƙuri, addinina bai bar ni ba, aka mayar da ni kwalayen dabino da lemo. To su 'yan wancan ɓangaren suna da takardar ƙa'idoji manne a bango: ba a zana fuskar wasan yara, ba a yin abin da zai yi kama da lemo ko alewa, kuma dole a rubuta ƙarfin barasar inda ido zai fara sauka, duk don kada abin ya ja hankalin wanda bai kai shekaru ba. Sai na tsaya na karanta takardar tasu tsaf, na dawo na yi akasin kowane layi. Abin da aka hana su, shi ne daidai abin da lemon yara yake so.

Na kasa haƙuri, na sa hoton a zauren danginmu na waya. Umma ta kira ni tana ta sa albarka. Wannan ne karo na farko da ta ga aikina ta ce ya yi kyau, ba ta ce yaushe zan dawo ba. Na gode maka da wannan, Kawu.

'Yarka,
Najiba

Kano, 20 ga Satumba, 2023

'Yata,

Gaisuwa da fatan murar ta sake ki. Gwiwa ta ɗan lafa.

Mangwaro ya yi, masha Allah. Mutanena sun gani sun yaba ƙwarai. Sai dai yaron kwamfutarsu ya ce fayil ɗin da kika turo rufaffe ne, ba a iya taɓa komai a ciki. Suna son buɗaɗɗen, don za su sa suna da Turanci da Faransanci da adireshi, 'yan ƙananan abubuwa dai.

Na biyu, masu buga ledar nan kusa da ke suke, a unguwar masana'antu. Sun ce tunda ba ni da katin zama, sai wani mazaunin ƙasar ya buɗe odar da sunansa. Wa nake da shi in ba ke ba? Ki leƙa ki sa hannu, khalas, shi ke nan, sauran ni da su ne ta waya.

Kawunki,
Badaru

Al Qusais, 29 ga Satumba, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi, alhamdulillahi.

A sana'armu ba a ba da buɗaɗɗen fayil sai da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi abin da za a canza da abin da za a zuba a ciki. Ranar farko ake koya mana wannan. Na ɗauko takardar yarjejeniyar har na fara cikewa, sai na tuno wanda zan tura wa, kunya ta kama ni. Ina ni ina ce wa Kawu ya sa hannu? Ga fayil ɗin nan.

Na je wajen masu bugun ma. Manajan ya ce in an gyara zanen zai kira ni in duba samfuri kafin a buga. Na ce masa ba sai ya kira ni ba, mai kayan ubana ne, duk abin da ya turo a buga.

Allah ya sa albarka a harkar. Ka ajiye mini leda ɗaya in na zo.

Najiba

Al Qusais, 22 ga Janairu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Gwaggo da yara. Wata huɗu ke nan ban ga rubutunka ba, na ce ko harka ce ta yi yawa. Ni lafiyar jiki ƙalau, amma hankalina a tashe yake, ka gafarce ni in na gajarta gaisuwa.

Kawu, an cuce mu.

Jiya Yaya Hafsa ta turo mini hoto daga makarantar da take koyarwa a Kaduna. Wata yarinya a ajinta mai suna Turai, shekararta goma sha biyu, ta dawo daga hutun tara ta kifa kai a tebur. An tashe ta ta kasa tsayuwa, ta yi amai a bakin ƙofa. Da aka buɗe jakarta aka sami leda biyu, ɗaya ta shanye, ɗaya da saura. Mangwarona ne a jiki, da kumatunsa da haƙoransa. A wani kanti bayan makaranta ta saya tare da biskit. Yaya ta shinshina ta ji abin da ta ji, ta juya ledar, can ƙasa wajen ninkin, da rubutun da sai an kai fuska, an sa barasa kashi goma sha biyu cikin ɗari. Yarinyar ta ce zaƙi ne da shi, ita lemo ta saya.

Yaya ba ta zarge ni ba. Bayan hoton da labarin yarinyar, abin da ta rubuta kawai shi ne, “Wannan ba naki ba ne?” Duk danginmu sun san zanen nan, ni na nuna musu da hannuna.

Na tabbata mutanen nan na Ikko ne suka ci amanarka, suka karɓi ledarka suka zuba abin da suka ga dama. Na yi ta tunanin yadda za ka ji in ka karanta wannan, da ciwonka da komai, har na so in ɓoye maka. Amma dole ka sani, don ka janye hannunka tun da wuri. Ka kira Umma ka yi mata bayani kafin maganar ta je mata ta wani bakin. Kai kaɗai take ji a kan zamana a nan.

Na kira wayarka sau huɗu ba a ɗauka ba. Don Allah ka amsa.

'Yarka,
Najiba

Al Qusais, 9 ga Fabrairu, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Na ga alamar ka buɗe wasiƙata tun ranar da na turo.

Kwana goma sha takwas ina nema maka uzuri. Na ce ko gwiwa ce, ko ka tafi Ikko ka ritsa su. Shekaran jiya sai manajan masu bugun ya kira ni, wai an turo oda ta biyu, ta ninka ta farko, kuma dokarsu in oda ta kai haka sai mai sunan ya zo da kansa. Na nemi izini a ofis na hau jirgin ƙasa na metro, na sauka na taka zuwa can.

Na ce ya nuna mini fayil ɗin da aka buga na farko. Ya juyo mini da kwamfutar. Layin barasar yana nan tun daga nan Dubai, ba a Ikko aka ƙara shi ba. Na ce wa ya turo? Ya buɗe saƙonnin. Lambarka ce, Kawu. Da farko an sa rubutun da girmansa a gaba, manajan da kansa ya ce haka ake yi. Sai ka turo hoton takarda da rubutun hannunka, wanda ko a mafarki na san shi, ka ce a rage shi shwaiya, wato kaɗan, a mayar da shi baya wajen ninki, yana ɓata fuskar mangwaro.

Ban san yadda na fito daga wurin ba. Na zauna a inuwar wata kwantena ina kallon masu lodi, na kasa ko kuka.

Ka san abin da za a zuba tun ranar da ka ce in zana abin da yaro zai hango. Na ba ka labarin yadda na ƙi aikin giya a ofis, ka karanta, bayan kwana uku ka nemi buɗaɗɗen fayil. Wannan ne yake cina. Da baƙo ne ya yi mini, da takarda a tsakaninmu, kuma da na duba samfuri. Kai ne kaɗai mutumin da zai iya yi mini haka, don kai kaɗai ne ba zan bincika ba.

Na ce wa manajan kada ya buga ko leda ɗaya sai na dawo. Ina jiran abin da za ka ce.

Najiba

Kano, 13 ga Fabrairu, 2024

Najiba,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, gwiwa dai sai haƙuri. Na ga wasiƙunki biyu. Na yi shiru ne don na ga ranki a ɓace yake, kuma yaro in ransa ya ɓaci ba ya jin magana.

Ki saurara da kyau. Ni ban taɓa sayar da giya ba, ban taɓa ɗanɗana ta ba, Allah shaida. Leda nake sayarwa, fanko. Wanda ya sayar wa mutum bokiti ba ya bin sa gida ya ga abin da zai zuba. An ce mini kayan Kudu za su da ƙasashen waje, wajen waɗanda abin shansu ne. Yadda aka yi suka hau mota har Kaduna, wannan ba a hannuna yake ba. Yarinyar kuma na tambaya, an ce ta warke ta koma makaranta. Ƙa'idojin da kike ta faɗa na Turawa ne, a bangon ofishinku suke. A nan kowa ledarsa mai launi ce, in ban yi ba wani zai yi.

Yanzu ga inda matsalar take. Maganar ta riga ta shiga dangi. Hafsa ta nuna wa mijinta, mijinta ya nuna wa uwarsa, shi ke nan. Ana cewa Najiba zanen giya take yi wa Turawa a Dubai, ga shaida ta fito. Mahaifiyarki ta zo gidana ranar Juma'a idonta jawur, ta ce in faɗa mata gaskiya. Na ce ta ba ni mako guda in bincika.

To kin ga ni ke riƙe da bakin zaren. Na yi wa mutanen nan alkawarin oda ta biyu kafin azumi, kuma ban taɓa saɓa alkawari a kasuwa ba. Ki je ki sa hannu, wannan ce ta ƙarshe, daga ita za a canza zane. Ni kuma in je in zauna gaban mahaifiyarki in ce mata ɓarayin intanet ne suka sace hoton daga waya, ni da ke duk an zalunce mu. In na faɗa ta yarda, in ta yarda kowa ya yi shiru, ki ci gaba da aikinki.

In kuma kin ƙi, ba zan yi miki sharri ba, ke 'yata ce. Zan dai ce mata lemo na sa ki zana, abin da ya faru a Dubai bayan haka ban sani ba, tunda odar da sunanki take. Kuma ba ƙarya na yi ba, da sunanki take.

Ki yi tunani irin na manya. Ina jiran amsa kafin Juma'a.

Kawunki,
Badaru

Al Qusais, 19 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Alhaji Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni ma lafiya, daidai gwargwado.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin. Kwana biyu na yi ina juya shi, har na sa takalmi sau ɗaya. Kamila ta ce in sa hannu in wanke sunana, daga baya in tuba, ai ba ni na zuba ba. Ba muguwa ba ce, tsoro take ji mini. Amma ni na san abin da na zana. Na auna tsayin kanti, na auna tsayin yaro, na karkata idanun nan har suka sauka daidai inda nake so. Ba don mutanen Kudu masu gemu na yi wannan aikin ba, kuma kai ma ka sani. Yarinyar nan Turai ba kuskure ta yi ba, abin da aka tsara mata ta yi.

Ranar Alhamis na je na soke odar. Na rubuta musu cewa zanen nawa ne, na janye izini, kada a sake buga shi da sunana ko da sunan wani. Manajan ya goge fayil ɗin a gabana. Na san kana da naka, kuma akwai masu bugu a wasu ƙasashe, ban yaudari kaina ba. Amma kafin azumin nan dai ba za ta fito ta hannuna ba. Na kuma tura wa Yaya Hafsa hoton odar, ta kai wa shugabar makarantarsu su san inda za su kai ƙara.

Ranar Asabar na kira Umma. Ashe ka riga ni, ka je ranar Juma'a kamar yadda ka ce. Ta bar ni na yi magana tun daga farko har ƙarshe ba ta katse ni ba. Na ce zan turo mata wasiƙunka ta gani da idonta. Ta ce ba ta son ganin komai. Ta ce, “Badaru a ɗakin uwata ya tashi, kwano ɗaya muka ci. Ya dafa kaina ya ce bai sani ba. Ke da na haifa ki ce mini ƙarya yake?” Na ce, “Umma, ni fa?” Sai ta ce ita ta san garin nan zai canza ni, laifinta ne da ta saurari mutane ta bar ni na zo. Ta ce in ajiye aiki in dawo kafin Sallah.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, kuma ina so ka san kai ka sa mini shi. Ka san ba ta da wanda ta yarda da shi kamar kai, da wannan yardar ka kawo ni nan, da ita kuma ka rufe mini baki.

Abu na ƙarshe da ta ce kafin ta kashe wayar shi ne in rubuto maka in ba ka haƙuri a kan ƙazafin da na yi maka, kuma ba za ta sake ɗaga kirana ba sai ka shaida mata na bayar. Ban taɓa saɓa mata ba tunda na yi wayo. Shi ya sa na sayo takarda da biro, na zauna tun bayan sallar asuba in rubuta da hannuna yadda kake yi, don ka sami abin nuna mata.

Ga shi takardar ta cika gaba da baya. Na duba ta daga sama har ƙasa, ban sami inda zan sa haƙurin ba.

Najiba Nasrullahi